Kwanon Mujittafa

Na haifi shida, na aurar da huɗu,
sai ga ni ranar Laraba a bencin 'yan firamare,
gwiwoyina sun ƙi shiga ƙarƙashin tebur.
An miƙo mini biro da littafi,
wai za a koya mini riƙon yaro.
Na yi dariya a cikin mayafina:
yaushe aka fara koya wa tsohuwar kaza tono?

Amma Mujittafa ne ya kawo ni.
Ɗan ƙanena, shekara bakwai,
motar Bauci ta sauke mini shi
da leda ɗaya da silifa tsinkakke,
kwana arba'in da rufe ubansa.
Ba ya kuka. Ba ya ƙiwa. Ba ya kallon ido.
Sai in na ɗaga katifarsa
in tarar da ƙosai mai kwana uku,
gutsuren burodi a cikin safa,
dafaffen dankali a aljihun wando,
tururuwa sun ja masa layi.

Na yi faɗa. Na ce ba a sata a gidan nan.
Ni da nake wuni a Farin Gada
tsakanin buhun kabeji da na karas,
a ce ɗa a ɗakina yana ɓoyon abinci?
Na ɗauki tsumagiya. Na ajiye.
Na sake ɗauka.

Malama Nanret ba ta da tsayi,
rigar sanyinta ta fi ta girma.
Ta ce kowa ya faɗi abin da ya fi ƙarfinsa.
Muka yi tsit, sai kukan kwanon rufi.
Baba Gyang, tsohon mai haƙar kuza, ya cire hula:
jikarsa na fitsarin kwance,
shi ke wanke zanen kafin gari ya waye
a sanyin nan na Jos mai fasa yatsu,
don kada yaran layi su ji.
Lantana ta Gangare ta ce 'yar yayarta
ta kalle ta ta ce, ke ba uwata ba ce,
kuma gaskiya ta faɗa, shi ya sa ya yi zafi.

Da aka zo kaina na faɗi zancen ƙosai.
Na jira a yi dariya. Ba a yi ba.
Malama ta ce, Inna, ba sata yake miki ba.
Gobe yake wa tanadi,
don gobe ta taɓa yi masa ƙarya.
Cikinsa ya ƙoshi,
zuciyarsa ce labari bai kai mata ba.

Ban rubuta komai a littafin ba.
A hanya na sayi ƙaramin kwano mai murfi,
shuɗi, da ɗan lotsawa a gefe.
Na ce, wannan naka ne.
Ba na buɗewa, ba na ƙirgawa,
in ya ƙare a sake zubawa.
Ya dube ni kamar ciniki ne mai tarko.

Wata ya mutu, wani ya tsaya.
Wani daren Baba Gyang ya kira:
yau shimfiɗa a bushe!
Muka yi ta murna a waya
kamar an ce an sauke farashin taki.
Wani daren kuma Lantana ce, ba magana,
numfashi kawai, na riƙe mata layin.

Ran da ƙanƙara ta kashe kasuwa
na dawo jiƙe, tumatir ya zama ruwa,
na kwanta ban ɗora tukunya ta biyu ba.
Cikin duhu na ji an dafa ƙafata.
Kwanon shuɗi, murfi a buɗe,
masa biyu, ɗaya da shaidar haƙori.

Gwaggo, ki ci, in ji shi.
Ai gobe akwai wata.